Layi Biyun da Na Cire

Da za a ce in zaɓi abu guda a rayuwata in warware shi, ba zan yi dogon tunani ba. Layi biyu ne da na cire daga wani ɗan rubutu na kwamfuta, da kuma shirun mako uku da na yi bayan ɓarnar ta auku. Cire layin wauta ce irin ta wanda ya ga hannunsa ya fara faɗawa. Shirun kuwa tsoro ne da son kare girma, kuma shi ya fi ci mini rai, domin shi ya raba wani bawan Allah da gefen gonarsa mafi albarka.

Ni ba mai zurfin boko ba ne. Na gama firamare, na yi shekara biyu a gaba da ita, mahaifina ya rasu na dawo gida. Buga tafireta ne ya riƙe ni. Na daɗe ina buga wa mutane takardu a Gaya, da kwamfuta ta shigo na koma kanta, tunda yatsun dai su ne. Furfura ta riga ta cika mini gemu lokacin da wata ƙungiya ta zo da aikin adana iyakokin gonaki, aka ce ana neman dattijo mai haƙuri da ya san madannai. Aka nuna ni.

Yadda aikin yake, a kowane ƙauye ana fita da tsofaffin da suka san ƙasa, su bi iyaka da ƙafa suna faɗa: daga wannan tsamiya zuwa waccan suri na wane ne, burtali ya bi ta nan, kakan wane ne ya sare wannan daji. Ana ɗaukar muryarsu da hoton wurin. Sai a zuba a wata ƙaramar na'ura da aka ajiye a ƙauyen, wadda ake kira saba. Ba ta fi kwanon awo girma ba, tana aiki da sola da batir, da layin waya a cikinta. Guda goma sha huɗu aka kafa, daga Kademi da Balan har ƙauyukan Ajingi, kowace da mai kula da ita. Ni kuma ina zaune a wani ɗaki a Gaya da babbar kwamfuta, ina shiga cikinsu daga nesa ba tare da na hau babur ba.

Wadda ta koya mini wata injiniya ce da ke zuwa daga Kano, sa'ar babbar 'yata. Baba take ce mini, ni kuma in ce 'yata. Ta rubuta mini jerin umarni guda biyu, kowane a fayil ɗinsa. Na farko mun sa masa suna kwaso. Yana bin sunayen ƙauyukan ɗaya bayan ɗaya, ya shiga kowace saba, ya kwafo abin da ke ciki zuwa wurina. Sai in zauna in gyara, in fitar da hoton da bai fito ba da muryar da iska ta cinye. Na biyun shi ne aika. Yana mayar da kowace saba daidai da abin da ke wurina: abin da nake da shi ya kai mata, abin da ba ni da shi ya goge a can.

Ranar da ta nuna mini shi, sai da ta sa yatsa a kan allon.

"Baba, wannan ba ya tunani. Ba ya jin kunya, ba ya tausayi. In ya tarar ɗakinka a share, to zai share ɗakin kowa ya yi daidai da naka."

"To ai bawa ne mai biyayya," na ce.

"Shi ya sa nake tsoronsa. Ga layi biyu nan na sa masa takunkumi. Wannan, in wani abu ya ƙi, ya tsaya cak. Wannan kuma, kafin ya taɓa kowane ƙauye sai ya tambaye ka ko ka tabbata. Ka yi mini alkawari ba za ka taɓa su ba."

Na ce mata wane ni da taɓa abin da ban dasa ba. Da gaske nake a ranar.

Cikin masu kula da sabobin akwai wani Bafillatani a wani ƙauye can gefen Ajingi. Iyayensa sun zauna sun kama noma, amma da sauran 'yan shanu a bayan gida. Ni kuma kakana Babarbare ne, tsagar tana fuskar mahaifina. Tun ranar farko da ya ji haka wasa ya ƙullu. In ya kira waya ba ya sallama sai ya gama zagina.

"Kai bawana, ka tashi daga barci kuwa? Akwatinka na ƙyafta jan ido."

"Ja da baya da shi, ɗan bin wutsiyar saniya. Ko ka ɗura masa nono ne?"

"Nono ai ya fi ƙarfinka. Da burabusko na ba shi da ya yi wauta irin taku."

In ya shigo Gaya ranar kasuwa sai ya biyo ta ɗakina, ya dire mini ƙwaryar fura ya ce ya zo ciyar da bayinsa, ya cire mini hula ya ce sai na fanshe ta da goro.

Shi ne ya fi kowa ɗokin wannan aiki, kuma da dalili. Gonarsa ta gado tana da wani kwari a ƙasa, wurin da ruwa ke kwanciya, inda yake shinkafa, in an girbe shanunsa su ci. Maƙwabcinsa yana ganin kwarin nasu ne. Ba mugun mutum ba ne maƙwabcin, haka ya taso ya ji a gidansu. Asalin iyakar wata tsohuwar rijiya ce da ta rufta aka cike ta tun kafin a haife su duka biyun, ƙasa ta shafe wurin. Mutum ɗaya ya rage a duniya da ya sha ruwanta, wani tsoho da sai an riƙe shi yake tafiya. Aka ɗauke shi a amalanke aka kai shi, ya duba, ya sa aka matsa da shi gaba kaɗan, ya caka sandarsa a ƙasa ya ce nan bakinta yake. An ɗauki muryarsa da hotonsa a tsaye da sandar. Na saurari wannan murya da kunnena sau biyu ina gyara. Kafin kaka tsohon ya rasu. Abokina ya ce mini, "Bawana, ka riƙe mini tsohon nan da kyau, yanzu a akwatinka kaɗai yake magana."

Na yi shekara guda da wani abu ina aikin nan ba tangarɗa, kuma a nan ne kaina ya fara kumbura. Abubuwa biyu suka dame ni. Sabobin ƙauye ba kullum suke a kunne ba. In hadari ya rufe rana batir ya mutu, ko mai kula ya zare waya. Da zarar jerin umarnin ya iso ƙauyen da ke kashe, sai ya tsaya, sauran ƙauyukan su yi ta jira, ni kuma in sake daga farko. Na biyu, tambayar nan: ka tabbata? Sau goma sha huɗu kowane mako. Na ji kamar yaro ake mayar da ni. Wata rana na buɗe fayil ɗin, na kalli layin, na ga ashe ba wani abin tsoro ba ne, kalmomi ne kamar na takarda. Na goge na farko. Na gwada, ya tsallake ƙauyen da ke kashe ya wuce abinsa. Na goge na biyu. Daga baya ma na haɗe kwaso da aika wuri guda, in danna sau ɗaya in tafi alwala, in dawo an gama, gyaran hotuna kuma in yi shi a tsakiyar mako. Na yi ta jin daɗin kaina. Ban gaya wa injiniya ba, don na san abin da za ta ce.

A ƙarshen bazara faifan ajiyar babbar kwamfutata ya mutu. Zafi ne ko tsufa, ban sani ba. Aka aiko mai gyara ya sa sabo, fanko, ba komai a ciki. Wato a wannan mako, duk muryoyin nan ba su da wani gida sai sabobin ƙauyuka. Injiniya ta kira ni.

"Baba, babu damuwa, komai yana can ƙauye. Kwaso kawai za ka yi. Kwaso kawai, ka ji? Kada ka aika sai na zo na duba."

"Na ji, 'yata. Sau nawa za ki faɗa?"

Ranar Lahadi da dare aka yi ruwan shuka. Duk wanda ya taso a nan ya san safiyar da ke biyo baya: gari ya watse, kowa ya ɗauki iri da sungumi, ba mai tsayawa doguwar gaisuwa, domin laimar kwana ɗaya ce ko biyu. Gonata tana hanyar Kademi. Na shigo ɗakin aiki da sassafe da buhun irin gero a bayan babur, niyyata in danna in wuce. Kuma na san rana ta fito tas bayan ruwa, yawancin sabobin suna kunne, damar da ba kullum ake samu ba a damina. Hannuna ya rubuta abin da ya saba rubutawa kowace Litinin. Ban ma tuna cewa haɗaɗɗen ne ba. Na danna, na fita ina ƙara ɗaure buhun da roba, na tsaya muna magana da mai shayi kan ko ruwan ya kai Ajingi.

Abin da ya faru ina waje, daga baya aka fahimtar da ni. Sabon faifan ba a ba shi izinin karɓar rubutu ba tukuna. Kwaso ya je ƙauye na farko, ya kwaso, ya rasa inda zai sauke, ya yi kuka da jan rubutu a allo. Da layin farko yana nan, da a nan ya tsaya. Sai ya wuce na biyu, na uku, har ƙarshe, bai sauke ko hoto ɗaya ba. Daga nan aika ya karɓa. Ya duba wurina ya ga wayam. Da layi na biyu yana nan, da ya jira ni ya tambaya. Bai jira kowa ba.

Da na dawo ɗaukar makulli, sai na ga sunayen fayil suna gudu a allo, kowane da kalmar gogewa a gabansa. Na san 'yan kalmomin Turancin da suka isa in gane. Kafin in tuna yadda ake tsayar da shi ya kai ƙauye na ƙarshe. Na shiga sabar abokina. Babu komai. Na shiga ta Kademi, babu. Guda ɗaya ta tsira, ta Balan, saboda mai kula da ita ya zare ta ya jona wayoyin mutane a batir. Mutumin da na sha yi wa faɗa a kan wannan hali, har na taɓa kai ƙararsa.

Na zauna. Ba zan ɓoye abin da na yi ba: na kashe allon, na kulle ɗakin, na tafi na yi shukata. Ina jefa iri ina rufewa da ƙafa ina gaya wa kaina wataƙila idona ne, wataƙila gobe su dawo.

Ba su dawo ba. Injiniya ta kira da yamma ta ce ya kwaso. Na ce netwok yana wahala saboda hadari. Ba ƙarya ce tsagwaro ba, a damina yakan yi, shi ya sa ta fito mini da sauƙi. Mako ya zagayo na sake faɗin haka. A zuciyata ina lissafin yadda za a ce tsohon nan da aka amince wa ya yi aikin yara. Ina tuna alkawarin da na yi mata. Ina tuna mai shayi da masu zama a bencinsa, da yadda suke kirana injiniyan Gaya. Masu kula kuwa ba su lura ba, domin su zubawa suke yi, ba sa buɗe na baya. Suka ci gaba da zuba sababbin muryoyi da hotuna, ni kuma ina kallo ina shiru.

Ranar kasuwa abokina ya zo da furarsa.

"Yau bawana ya yi laushi. Ko matarka ta gane Babarbare ta aura?"

Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ya cire mini hula, ban bi shi ba. Ya tsaya ya dube ni, ya mayar mini da ita a kai da kansa, ya ce in sha magani. Maganar tana bakina a lokacin. Na haɗiye ta da furarsa.

Mako na uku injiniya ta zo. Ba ta yi minti goma a kan kujera ba ta gano, domin na'ura tana rubuta duk abin da aka sa ta da ranar da sa'ar. Ta buɗe fayil ɗin ta ga gurbin layin nan biyu. Ba ta ɗaga murya ba. Ta juyo ta ce, "Baba, yaushe ka sani?"

Na ce tun ranar.

Ta rufe fuska da tafin hannu. Da ta buɗe sai ta yi mini bayanin da har yau yake tashina daga zaune. Ashe in an goge abu a na'ura, ba nan take yake ɓacewa ba. Sunansa ake cirewa, shi yana nan kwance har sai an zuba wani abu a kansa. Da na kira ta a ranar, da ta ce a kashe sabobin duka, a kawo su Gaya, da an tono mafi yawa. Amma mako uku ana zuba sabo a kan tsoho.

"Gogewar ba ta kashe su ba, Baba," ta ce. "Jiran ne."

An tattaro sabobin a bayan babura, ta yi kwana huɗu tana tono. Wasu ƙauyukan an samu rabi, wasu fiye. Inda tsofaffin ke da rai aka sake fita da su. Sabar abokina kuwa ta fi kowace lalacewa, saboda ya fi kowa ƙwazo, kullum yana zuba sabo. Daga maganar tsohon nan an samu ɗan guntu: tari, da muryarsa yana cewa a matsa da shi gaba kaɗan. Daga nan sai shuru. Hoton bai dawo ba.

Ni na ce a bar ni in gaya masa da bakina. Na hau babur na tafi, ta cikin taɓo, na same shi a kwarin yana cirar ciyawa a shinkafa. Ya hango ni ya fara: "Wa ya saki bawan nan ba igiya?" Na ce ya fito mu zauna. Na faɗa masa duka, har da furar da na sha ina sane. Ya daɗe yana wanke laka a ƙafarsa da ruwan kwarin. Sannan ya ce, "Allah ya sa haka ne mafi alheri." Ya raka ni har bakin hanya.

Bayan girbi maganar iyaka ta taso, kamar yadda kowa ya san za ta taso. Aka zauna gaban dattawan gari. Na je na ba da shaida cewa na ji tsohon da kunnena. Aka tambaye ni, to ina ya caka sandar? Ban je wurin a ranar ba, a hoto na gani, kuma ƙasa duk ƙasa ce. Waɗanda suka raka shi kowa ya nuna wuri dabam, tsakaninsu taku ashirin ko fiye. Dattawan ba su zalunci kowa ba, da abin da ke gabansu suka yi aiki. Aka yi sulhu aka raba kwarin, sai dai gefen da ruwa ya fi kwanciya ya faɗa wa maƙwabcin. Abokina ya karɓa, aka yi addu'a, aka tashi.

Ƙungiyar ba ta kore ni ba. Injiniya ta mayar da layinta biyu, ta ƙara na uku, ta kuma sa aka riƙa ajiye kwafi a wani faifai da ba ya jone da komai. Na ƙara shekara ɗaya ina amsa tambayar nan sau goma sha huɗu kowace Litinin, ina karanta sunan kowane ƙauye da baki kafin in danna. Sannan na ce idona ya gaji, na ajiye. Na je Balan na nemi gafarar mai cajin waya, ya yi ta dariya ya ce ai da ya sani da ya riƙa zare ta kullum.

Abokina yana nan da rai. Bai taɓa gaya mini baƙar magana ba, ko a bayan idona ban ji ba. Da aka yi mini rasuwa ya zo gaisuwa, ya zauna har aka shafa. In mun haɗu a kasuwa yakan tsaya, ya ba ni hannu biyu, ya ce, "Malam, ina wuni? Ya iyali? Ya ƙarfin jiki?" Malam. Hulata tana kaina ba mai taɓa ta. Sau ɗaya na gwada, na ce masa ɗan bin wutsiyar saniya, ya yi murmushi ya ce shanun ma sun ragu, ba wurin kiwo. Ban sake ba.

Yanzu 'ya'yanmu da yawa suna wannan aiki, suna zaune wuri ɗaya suna juya na'urori masu yawa a garuruwan da ba su taɓa takawa ba. Ku na rubuta wa wannan, da duk wanda aka ba amanar abin da ba shi da na biyu. In kun tarar da layin da ke tsayar da ku yana tambaya, ku bar shi, wani ne ya sa shi don ranar da hankalinku zai tafi gona. Ku gwada a kan guda ɗaya kafin ku saki a kan duka, kuma ku tsaya ku kalli allon har ya gama. In kuma ta riga ta ɓaci, don Allah kada ku yi irin nawa. Ku ɗaga waya a cikin sa'ar nan, ku kira wanda ya fi ku sani, ku ce ni ne na yi. Kunyar ba za ta wuce kwana biyu ba. Ni na guje ta, ga shi har yau ana gaishe ni da ladabi.